Yadda ɗan rawa zai tsare ƙafarsa, da yadda zai yi jinyar targaɗe har ya koma fage

Da an kai amfanin gona gida a ƙasar Kabi, kalangu ba ya ƙara hutawa. Daga ɗaurin aure sai naɗin sarauta, daga tarbar baƙi sai manyan taruka irin su Uhola a Zuru, da Rigata a Yawuri, da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya da ake alkintawa a 2016. A 'yan watannin nan ne ɗan rawa yake samun kuɗin shekara, a cikinsu ne kuma ƙafa take ba shi kunya.

Dalili biyu ne, kuma duka biyun ana iya maganinsu. Yawancin 'yan rawarmu manoma ne, ko masunta, ko 'yan kabu-kabu, ko ɗalibai. Mutum ya shafe damina a duƙe cikin fadamar shinkafa, ƙarfi kam akwai shi, amma ƙarfin noma daban, ƙarfin tsalle da dira daban. Numfashi da tsoka sukan farfaɗo cikin 'yan makonni. Agara da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi kuwa sai a hankali, don jini bai cika isa gare su ba. Sai mutum ya ji jikinsa garau alhali idon sawunsa bai shirya ba. Dalili na biyu shi ne tsohon targaɗen da aka bari ya lafa da kansa. Babu abin da ke jawo sabon targaɗe kamarsa, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Fara shiri da mako shida

Kada ranar gwajin farko ta zama ranar da za a yi awa uku ana dirka. A fara da minti 30 zuwa 40, sau uku a mako, da taku marar tsalle. Kowane mako a ƙara kaɗan: ko tsawon lokaci, ko saurin kiɗa, ko yawan tsalle, amma ba duka a tare ba. A bar kwana ɗaya tsakanin gwaji mai nauyi da wani.

A ranakun da babu gwaji, ga abin da za ka yi a tsakar gida, ba sai da wani kayan aiki ba.

Ɗaga dunduniya. Dafa bango da yatsun hannu, tashi bisa kan yatsun ƙafa, ka ɗan tsaya, sannan ka sauko sannu a hankali kana ƙirga uku. Sau 15, ka huta, ka maimaita har zagaye uku. Idan ya zama wasa, koma ƙafa ɗaya. Ɗan rawan da ba ya iya yin 20 da ƙafa ɗaya bai isa yin dogon tsalle ba tukuna, komai sunansa a gari.

Tsayuwa da ƙafa ɗaya, daƙiƙa 30 kowace ƙafa. In ka iya, rufe ido. In ka iya wannan, hau kan matashin kai ko rairayi, wani ya riƙa jefo maka lemo kana cafewa. Mutane sukan raina wannan don ba ya sa gumi, amma shi ne ke koya wa ƙafa ta gyara kanta cikin ƙiftawar ido idan ta taka gefen rami.

Zama da tashi a kan benci ko kifaffen turmi, ba tare da dafa gwiwa ba. Ka sa ido: ƙoƙon gwiwa ya bi saitin yatsan ƙafa na biyu, kada ya faɗa ciki. Mata su fi kula da wannan, don tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samunsu a wasannin tsalle da juyi.

Don ƙugu da baya, kwanta rigingine, tanƙwara gwiwoyi, ɗaga ƙugu sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, sau 12. Sannan ka kifa ciki, ka tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, daƙiƙa 20 zuwa 40. 'Yan koroso masu ɗaukar juna a kafaɗa, da 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe, su ne suka fi bukatar waɗannan biyun.

Sai koyon dira. A cire akayau, a dakatar da kiɗa, kowa ya yi tsalle a saurara. Dira mai kyau ba ta da ƙara: kan yatsu ya fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo, gwiwa da ƙugu su lanƙwasa su shanye nauyin. Wanda ake jin "dim" idan ya sauka, gwiwarsa ce ke biyan bashin. Shugaban ƙungiya ya tsaya a gaban yaransa ya duba gwiwoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar wasa: fili da ɗumin jiki

Kafin a fara, mutum biyu su zagaye filin da ƙafa. Ƙusa, fasasshiyar kwalba, turakun rumfa, wayar lasifika, ramin da aka rufe da tabarma. Ƙasa mai ɗan laushi da aka yayyafa wa ruwa ita ce ta fi dacewa da ƙafa. Siminti ba ya shanye komai, duk dirar da ka yi sai ta koma ƙwauri da gwiwa, don haka a rage tsalle a kansa. Tayil na zauren biki ga tauri ga santsi, balle an zubar da lemo ko an yi liƙi takardun kuɗi sun baje. Rairayi mai zurfi irin na bakin gulbi yana gajiyar da sha-raɓa da wuri. Mai rawa ba takalmi ya kula da faso, ya riƙa shafa mai da dare, kuma wanda ƙusa ta soke ya je a yi masa allurar tetanus, kada ya tsaya ga ɗiga man birki ko toka. Akayau kuma a sa tsumma a ƙarƙashinsa, a ɗaure yadda yatsa zai iya shiga.

Ɗumama jiki minti 15 ne. Biyar na farko sassarfa a wuri ɗaya har gumi ya fara tsatsowa. Biyar na biyu jujjuya gaɓoɓi: idon sawu, gwiwa, ƙugu, kafaɗa, wuya, da wurga ƙafa gaba da baya. Biyar na ƙarshe takun rawar da za a yi, daga sanyi-sanyi zuwa cikakken sauri, da ƙananan tsalle. Dogon miƙa jijiya, irin wanda ake riƙewa rabin minti, a bar shi sai an gama wasa. 'Yan ƙwallo sun riga mu gane amfanin wannan: tsarin ɗumin jiki na minti 20 da FIFA ta fitar mai suna 11+ ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙungiyoyin da suka riƙe shi.

Ga inda tarukanmu suke cutar 'yan rawa. An ce ƙarfe goma, kun ɗumama jiki, babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Kuna zaune a ƙarƙashin rumfa jiki ya huce, sai mai gabatarwa ya ce "'Yan rawa, minti biyar gare ku!" Kowa ya zabura da mafi girman tsallensa. Ɗumin jiki ba ya jiran gwamna. Bayan kamar rabin awa na zama ya tafi. Maganin abin, a sa yaro ɗaya ya tsare jerin shirin, in saura abu biyu a kira ku, a tashi a bayan rumfa a sake motsawa. Da hunturu a bar riga mai kauri a jiki har lokacin shiga fage.

Ruwa da zafi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi da Argungu yakan haura digiri 40. Sha leda ɗaya ta ruwa, wato rabin lita, kamar awa biyu kafin wasa, sannan ka riƙa kurɓa duk minti 15 zuwa 20. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Idan wasa ya yi tsawo ana ta gumi, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a rana, jikinsa zau, kada a tsaya cewa iska ce ta hau shi. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a nufi asibiti. Da azumi a mayar da gwaji bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu.

Ƙafa ta gurɗe: awannin farko

Fita daga fage. Na san da wuya, ana liƙi, makaɗi yana kiran sunan kakanka. Amma jijiyar da ta ɗan yage kamar igiyar guga ce da ta fara sili-sili: in aka ci gaba da jan ruwa da ita, tsinkewa za ta yi gaba ɗaya.

Abu na farko, a tantance ko karaya ce. Likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 wadda har yau ake aiki da ita. A je a ɗauki hoton ƙashi idan mutum ya kasa yin taku huɗu ko da ɗingishi. Ko idan an danna ƙashin idon sawu, na ciki ko na waje, a kan tsininsa ko gefensa na baya, ya ji zafi a ƙashin kansa. Ko idan akwai zafi a ɗan tudun ƙashin da ke tsakiyar gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa, ko a tudun da ke gefen ciki sama da lanƙwasar tafin ƙafa. Ƙafar da ta karkace, ko ta mutu ba a jin taɓi, ba ta bukatar wani gwaji, asibiti kai tsaye.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai jinyar gida. A naɗe da bandeji mai talewa, a faro daga gindin yatsu a hauro sama da idon sawu, ana gicciyawa, ba tamau ba. A sassauta da dare. A kwanta a ɗora ƙafar kan matasai ta fi ƙirji tudu. Ƙanƙara tana rage zafi: a samo ledar ruwa mai ƙanƙara wurin masu sayar da lemo, a naɗe ta da tsumma, a ɗora minti 10 zuwa 15, a maimaita bayan awa biyu ko uku. In babu, tsumma da ruwan randa ma ya yi. Mai sikila kada ya kusanci ƙanƙara, sanyi yana tayar masa da ciwo.

A kwana biyu zuwa uku na farko ban da ruwan zafi, ban da man zafi, ban da murza, ban da ja. Wannan ne wurin da muka fi saɓa wa likitoci. Da an ce targaɗe, sai wani dattijo ya ce "Kawo ƙafar nan, yaro," ya kama ya finciko har ta yi ƙara. Jini ne ke tsiyaya a ciki, zafi da murza ƙara shi suke yi. Gashi yana da ranarsa, bayan kumburi ya fara saɓewa. Tsaga ko ƙaho a kan kumburi kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Ba na raina masu ɗori, sana'ar gado ce, kuma a ƙauyuka da yawa su ne kusa. Amma a fara ɗaukar hoto, a san abin da ke ciki. Kuma duk wanda aka ɗaure wa karare a kan gaɓa mai kumburi, a tsare yatsunsa. Zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun yi sanyi, sun yi baƙi, sun mutu, ko fata ta yi bororo: a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Tsokar da jini ya daina isa gare ta tana fara mutuwa cikin kamar awa shida, daga nan ne ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Maganin zafi, parasitamol ya isa mafi yawan lokuta. Ibuprofen da diclofenac a sha na 'yan kwanaki kawai, bayan cin abinci, kuma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu. Shan su don a shiga rana a yi rawa ana gumi zalunci ne ga ƙoda. Tramol kuwa, wanda wasu ke haɗiya don su kwana suna taka rawa, ba ya gyara komai. Yana toshe kunnen mutum daga jin gargaɗin jikinsa, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kama mutum ya kasa bari.

Jinyar da ake tsallakewa

Bayan mako ɗaya ko biyu zafi zai tafi, a nan ne kowa ke cewa ya warke. Zafi ne ya tafi. Gaɓar ta yi tauri, tsokokin gefenta sun yi laushi, kuma ƙafar ta manta yadda take gane inda ta taka ba tare da ido ya duba ba. Waɗannan uku ba sa dawowa da kwanciya.

Mataki na ɗaya, daga kwana na biyu ko na uku. Kana zaune, ka riƙa rubuta abacada a iska da babban yatsan ƙafa, sau uku a yini. Ka fara takawa gwargwadon yadda za ka iya, da sanda in ta kama. Doguwar kwanciya ba ta taimakon targaɗe.

Mataki na biyu, idan tafiya ta daidaita babu ɗingishi. Samo robar cikin tayar keke, ɗaura ta a ƙafar gado, saƙala ɗaya bakin a ƙafarka, ka riƙa tura ƙafar waje, sannan ciki, sannan sama, kowanne sau 15. Turawa waje ta fi muhimmanci, don yawancin targaɗe ciki ƙafa take gurɗewa. Ƙara da ɗaga dunduniya da ƙafa biyu. Sannan auna taurin gaɓar: tsaya gaban bango, tura gwiwa ta taɓa shi ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, kana ja da ƙafar baya kaɗan-kaɗan har iyakar inda za ka iya. Gwada da lafiyayyar ƙafar. Bambancin da ka gani shi ne aikin da ya rage, kuma wannan motsin shi ne maganinsa.

Mataki na uku, tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar yadda aka bayyana a sama, kullum, har ido rufe. Ɗaga dunduniya ya koma ƙafa ɗaya.

Mataki na huɗu, tsalle. Da ƙafa biyu a wuri ɗaya, sannan gaba da baya, sannan gefe da gefe, sannan ƙafa ɗaya. Daga nan takun rawa ba kiɗa, sai da kiɗa mai sanyi. A nan ka ja makaɗinka gefe ka ce, "Don Allah, Sarkin Kiɗa, kwanan nan ban da kirari." Ba wasa nake ba. Zuga tana sa mutum ya yi abin da ƙafarsa ba ta amince ba.

Ma'aunin wucewa daga mataki zuwa mataki ɗaya ne. Auna zafi daga 0 zuwa 10. In bai wuce 3 ba lokacin motsa jiki, kuma washegari da safe babu sabon kumburi, ci gaba. In ya wuce, koma baya taki ɗaya na kwana biyu.

Kafin ka karɓi gayyatar biki, ka iya waɗannan da ƙafar da ta yi ciwo: ɗaga dunduniya 20, tsayuwa ido rufe daƙiƙa 30, tsalle 10 a jere babu tsoro, gudu kana zana lamba 8 a ƙasa, da cikakken gwaji sau biyu ba tare da ta kumbura ba. Ƙaramin targaɗe yakan ci mako 1 zuwa 3, matsakaici mako 4 zuwa 6, wanda jijiya ta tsinke kuwa wata uku ko fiye. In ba ka kai ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bayan ka koma, ka riƙa ɗaure idon sawun da abin ɗaurinsa na kanti lokacin wasa har wata shida zuwa shekara, kana ci gaba da tsayuwar ƙafa ɗaya. Shugabannin ƙungiya su ma da nasu: in yaro ya san ranar da bai taka ba babu kasonsa, zai ɓoye ciwo. A ware masa wani abu, ko a ba shi riƙon kaya.

Ciwukan da ba a jinyarsu a gida

Gwiwar da ta yi ƙara lokacin juyi ta kumbura cikin awa biyu, ko take maƙalewa, ko take zubar da mutum. Zafi a wuri ɗaya tak a kan ƙwauri ko ƙashin bayan ƙafa, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa da tsalle: wannan yana iya zama tsagewar ƙashi ta yawan dira, kuma sau da yawa hoto ba ya nuna ta a mako biyu ko uku na farko. Jin kamar an harbe ka ta baya a agara, ka waiwaya babu kowa, ka kasa tashi kan yatsu: agara ce ta tsinke. A nan akwai abin da 'yan rawa ba su cika sani ba. Ciprofloxacin, wanda ake yawan sha da sunan taifot, yana raunana agara, haɗarin kuma yana ƙaruwa ga mai shan dexamethasone, irin wanda wasu ke sha don ƙiba. Wanda ke kan waɗannan ya gaya wa likita sana'arsa, ya kuma dakatar da tsalle da zarar ya ji agara na ciwo.

Haka ciwon bayan da ke sauka ƙafa da mutuwar jiki, balle in ya zo da kasa riƙe fitsari. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Da fitsarin da ya koma kalar baƙin shayi bayan wasa mai tsanani. Wanda ya faɗo daga kafaɗar wani ya bugu a kai ko wuya, kada a ɗaga shi zaune, kada a girgiza shi. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi a kan abu mai tauri kamar ƙyaure. Yara masu tasowa kuma a daina danne musu baya da ƙarfi don su lanƙwasu, ƙashinsu bai gama ƙosawa ba.

Akwai sashen gashin ƙashi a asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, akwai kuma a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada ka je da tunanin fitila mai zafi kawai za a haska maka ka dawo. Mafi yawan aikin motsa jiki ne da za a tsara maka ka riƙa yi a gida, don haka wanda ya fito daga Zuru ko Kamba ba sai ya yi ta zarya kowane mako ba. Tafi da gajeren wando, da hoton ƙashi in an ɗauka, da kwalayen magungunan da kake sha. Ka sa wani ya ɗauki bidiyon rawarku a waya, musamman takun da ke tayar da ciwon, ka nuna wa likitan. Ka kuma roƙe shi ya rubuta maka motsin a takarda, da adadinsu, da ranar da za ka dawo a sake aunawa.